Yanda zaka saka bafa biyu a USB ɗin maikurokontirola ba tare da ka rikita kanka ba

Duk wanda ya taɓa rubuta famwaya ta USB, wato kod ɗin da ke zaune cikin na'ura, a ƙaramin cif ya san wannan takaicin, ka gama komai, kwamfuta ta gane na'urar, bayanai suna wucewa, sai ka zo auna gudu kaga abun yana jan ƙafa kamar wanda aka tasa daga barci. A jikin kwali an ce megabit 12 a sakan amma kai ko kusa baka kai ba. Sau tari ba waya bace ta lalace, ba kuma kwamfutar bace, ita dai na'urar ce take ta cewa "dakata tukun" a duk lokacin da aka zo mata da kaya, saboda bafa, wato ɗan wurin da ake sauke bayanai kafin a kwashe, ɗaya tal gareta kuma kod ɗinka yana zaune a kai.

Bari mu fara da lissafi dan shi zai gaya maka ko kana buƙatar abun ma ko a'a. A USB mai megabit 12 ana yanka lokaci zuwa firem firem, kowane firem milisakan 1 ne. Fakitin balk, wato nau'in aikawa na kwararar kaya masu yawa, mafi girma bayit 64 ne, kuma in ka haɗa da kayan rakiya, wato alamar kira da CRC da amsa, fakiti 19 ne kaɗai zasu iya shiga firem ɗaya. 19 sau 64 ya baka bayit 1216 a milisakan, wato bayit 1,216,000 a sakan, shine rufin ɗakin, babu dabarar da zata haura dashi. Yanzu raba milisakan 1 gida 19, zaka samu wajen maikurosakan 52. Wannan lambar ka riƙeta da kyau. In cif ɗinka STM32F103 ne mai gudu a 72MHz, maikurosakan 52 bugun agogo ne wajen 3700, in kuma ATmega32U4 ne a 16MHz ko 900 basu cika ba.

A USB na'ura bata fara magana, kwamfuta ce mai kira. Zata turo OUT da bayanai, in akwai wajen zubawa injin USB na cikin cif ya karɓa ya ce ACK, wato "na karɓa", in babu ya ce NAK, wato "dakata tukun". Haka ma IN, wato lokacin da ita ce ke neman kaya, in ka shirya kaya ya miƙa, in baka shirya ba NAK. Da bafa ɗaya ga yanda abun ke tafiya: fakiti ya sauka, injin ya kulle bafar ya tada intaraf, wato ƙararrawar da ke katse CPU, kod ɗinka ya farka ya kwashe bayit 64 ɗin ya sake buɗe ƙofa. Duk tsawon wannan lokacin kwamfuta ta riga ta turo fakiti na gaba an ce mata NAK, kuma abun haushin a wannan gudun sai ta gama turo bayit 64 ɗin gaba ɗaya sannan take jin NAK ɗin, kaga maikurosakan hamsin da ɗoriya sun tafi a banza, sai ta sake turowa. Shi yasa ma da aka fito da USB 2.0 a shekarar 2000 aka ƙaro PING da NYET a gudun megabit 480, dan kwamfuta ta riƙa tambaya kafin ta zubo bayit 512 a ƙasa.

Toh maganin shine bokiti biyu a bakin famfo ɗaya. Ɗaya yana cika kana juye ɗayan, sai a yi musanya. Wasu detashit, wato takardun bayanin cif, suna ce masa ping-pong, wasu banki biyu, wasu DBL_BUF, duk abu ɗaya ne. Amma ga inda mutane suke yaudarar kansu, bafa biyu bata ƙara wa kod ɗinka sauri ko kaɗan. Abun da ta saya maka lokaci ne na fakiti ɗaya. In aikin da kake yi akan kowane fakiti yana cin maikurosakan 30, da bafa ɗaya 52 ne da 30 a jere har da asarar NAK, da bafa biyu kuma 30 ɗin ta ɓuya a cikin 52. In kuwa aikin naka yana cin maikurosakan 200 ko fiye, misali kana rubutawa a filash ko kana turawa ta UART a 115200, to ko bafa goma ka jera duk zasu cika ka dawo NAK ɗinka, an yi ba'a yi ba kenan. Kuma wannan NAK ɗin ba laifi bane, shine birkin balk, da shi ake hana bayanai zubewa.

Dan haka kafin ka taɓa rijista ko ɗaya ka tambayi kanka wace ƙofa ce take buƙata. Ina nufin ƙofofin nan da ake rubutawa EP0, EP1 da sauransu. EP0 barta yanda take, gaisuwa da tambayoyin kwamfuta kawai take yi. Kibod ko linzami na HID shima barshi, mafi sauri sau ɗaya ake kiransa a milisakan, kana da lokaci har ka yi hamma. Masu buƙata sune balk mai kwararar kaya, kamar CDC mai kwaikwayon siriyal fot da ma'ajiyar MSC irin ta filash dirayib, sai kuma aiso, wato isochronous, nau'in aikawa na sauti.

Sai kasafin wuri, dan RAM ɗin USB ɗan mitsitsi ne. A STM32F103 bayit 512 ne kacal a PMA, wato ma'ajiyar fakitinsa, kuma shi ɗin ma da CAN suke rabawa shi yasa baka iya kunna su tare. Ɗauki CDC: teburin BTABLE mai riƙe adireshi da tsawon kowace bafa bayit 8 ga kowace ƙofa, ka ware masa 64 ka huta, EP0 shiga da fita 128, balk IN sau biyu 128, balk OUT sau biyu 128, ƙaramar ƙofar sanarwa 16, jimla 464, ya shiga da ɗan canji. Amma gwada sauti 48kHz na bit 16 kunne biyu, bayit 192 kenan a kowane firem, sau biyu 384, ka ɗora EP0 128 ya zama 512 cif kuma teburin bai samu wajen zama ba. Dole ka rage EP0 zuwa 32, wanda doka ta yarda dashi, 8 ko 16 ko 32 ko 64. STM32F072 yafi yalwa, 1024 gareshi. ATmega32U4 832 ne kuma dole ka jera ƙofofin daga ƙaramar lamba zuwa babba wajen rabon wuri, RP2040 kuwa 4KB ne, can ba'a wannan ƙididdigar.

Yanzu ainihin maganar, kuma in ka riƙe wannan sauran duk cike gurbi ne: a kowane lokaci kowace bafa mai ita ɗaya ne, ko kai ko injin USB. In tana hannunsa baka karantawa, baka rubutawa, ko tsawon da ke cikin teburin baka gyarawa. In zaka miƙa masa, sai ka gama komai, adireshi, tsawo, bayanan, sannan abu na ƙarshe ka juya bit ɗin mallaka. Kowane kamfani da sunan da ya ba bit ɗin. A PIC18F4550 UOWN ne a cikin BDT, teburin bafarsa, ka sa shi 1 ta zama ta injin. A ATmega32U4 goge FIFOCON ne yake sakin bankin. A RP2040 AVAILABLE ne, kuma detashit ɗinsa ya ce ka fara rubuta sauran bit ɗin rijistar, ka jira ɗan bugun agogo sannan ka ɗaga AVAILABLE, saboda injin USB yana kan agogon 48MHz ne daban da na CPU, in ka rubuta duka lokaci ɗaya zai iya ganin "karɓi" kafin ya ga tsawon. Kuma kar ka manta kompaila bai san akwai wani inji a gefe ba, yana iya sauya jerin rubutunka, dan haka volatile a inda ya dace, da DMB, umarnin da ke tabbatar da rubutun baya ya riga na gaba isa, kafin juya bit ɗin in bafar a RAM na gama gari take ko DMA ne ya kwafa.

Bari in ɗan jima akan STM32F103 tunda shine a ɗan allon nan shuɗi da kusan kowa ya fara dashi, kuma shine mafi murɗaɗɗen hali. Kowace ƙofa tana da rijista EPnR. In nau'inta balk ne ka ɗaga EP_KIND sai ya zama DBL_BUF. Daga nan ƙofar ta zama mai hanya ɗaya, dan gurabe biyun da ke teburin, wanda da na aikawa ne da na karɓa, yanzu sun zama bafa 0 da bafa 1 na hanya guda. Kenan in da EP1 ce take maka IN da OUT, yanzu sai ka raba su a rijista biyu, ni dai nakan basu lamba daban daban a diskirifta, wato bayanin da na'ura ke gabatar da kanta dashi ga kwamfuta, in huta. Sai bit biyu masu rawa. In ƙofar OUT ce DTOG_RX na injin ne, shi yake juya shi da kansa bayan kowane fakiti, shi kuma DTOG_TX tunda bashi da aiki sai ya zama SW_BUF, naka. In IN ce akasin haka. DTOG yana nuna bafar da injin zai yi aiki da ita, SW_BUF yana nuna wadda kake riƙe da ita. In sun bambanta kaya suna wucewa, in sun zo ɗaya injin ya ce NAK duk da STAT, mai nuna halin ƙofar, yana nan a VALID bai motsa ba.

Toh bi shi a hankali. DTOG 0, SW_BUF 1. Fakiti ya sauka a bafa 0, injin ya mai da DTOG 1, yanzu 1 da 1, an tsaya, intaraf ya taso da CTR_RX, tutar da ke cewa an gama karɓa. Me zaka fara yi? Hannu zai kai ka ga kwafe bayanan tukun sannan ka juya SW_BUF, dan haka ka saba. In ka yi haka wallahi bafa ɗaya kake yi, kawai ka ci wuri ninki biyu. Ni kaina na taɓa kwana biyu akan wannan, kod yana aiki lafiya lau babu kuskure ko ɗaya amma gudu bai ƙaru ba, ina ta zargin waya. Jerin da ya dace: ka goge CTR_RX, ka juya SW_BUF nan take ya koma 0, ma'ana "na karɓi bafa 0, ga bafa 1 nan ka ci gaba", sannan ka karanta tsawon ka kwafe a nutse yayin da fakiti na gaba ke sauka a ɗayar. Sharaɗin kawai ka tabbata ka gama da bafa 1 tun zagayen baya. In baka gama ba, ko layin jiran da kake zubawa a RAM ya cika, kar ka juya, bar NAK ya yi aikinsa, amma ka ajiye tuta cewa akwai bashi, dan lokacin da babban luf ya samar da wuri shi zai juya. Mantawa da wannan tutar shine yake sa na'ura ta yi aiki minti biyar ta sandare.

Wani tarkon a rijistar nan, bit ɗinta ba halinsu ɗaya ba. DTOG da STAT in ka rubuta 1 juyawa suke, in ka rubuta 0 basa motsi. CTR_RX da CTR_TX kuma 0 ne yake goge su, 1 ya bar su. Kaga in ka yi abun da aka saba, ka karanta rijista ka ƙara bit ka mayar, duk inda DTOG ko STAT yake 1 ka juya shi ba da niyya ba, kuma in wani CTR ya ɗagu tsakanin karantawa da rubutawa ka goge shi baka gani ba, fakiti ya ɓace. Ka rubuta ƙaramin fankshin ɗaya wanda zai riƙe EP_TYPE da EP_KIND da adireshi yanda suke, ya sa 1 a CTR biyun, ya sa 0 a duk masu juyawa banda wanda kake so, kuma duk kod ɗinka ta nan zai bi. Sannan a RM0008, littafin bayanin STM32F103, akwai sakin layin da ya ce wannan tsarin na NAK yana fara aiki ne bayan an gama mu'amalar farko da DBL_BUF a ɗage, ka karanta shi sau biyu kafin ka zaɓi ƙimar farawa. PMA ɗin F103 shima ana taɓa shi ne bit 16 bit 16 da tsallaken adireshi na bayit 4, memcpy kai tsaye shara zai baka.

Ɓangaren IN kuma tunanin juyawa yake. Kana cika taka yayin da injin yake aika tasa. Da CTR_TX ya zo, in taka ta riga ta cika ka rubuta tsawonta, juya SW_BUF nan take sannan ka koma cika wadda ta dawo hannunka. In baka da abun aikawa kar ka juya, in ka juya haka nan tsohon fakiti zai sake fita kwamfuta ta karɓe shi a matsayin sabo, ka zo kana ganin layi yana maimaituwa a taminal. Kuma kar ka taɓa bafar da ka miƙa sai intaraf ya ce an gama, dan in ACK ɗin kwamfuta ya ɓace a hanya injin zai sake aika wannan fakitin ne daga wannan bafar. Fara tafiyar ma sai ka kula, in layi ya yi shiru babu intaraf ɗin da zai zo, fankshin ɗin aikawa ne zai tada ta, kuma tunda shi da intaraf suna taɓa abu ɗaya ka rufe intaraf na USB na ɗan wannan lokacin.

ATmega32U4 yafi sauƙin kai. Ka zaɓi banki biyu a EPBK na UECFG1X, RXOUTI ya ɗagu ka goge shi, ka karanta ta UEDATX, ka goge FIFOCON, shi da kansa zai juya maka banki, kuma yana iya cika duka biyun ba tare da ka sa baki ba. Sai dai ka duba ko akwai na biyu yana jira kafin ka fita daga intaraf. A PIC kai zaka riƙe lissafin maraba tsakanin bafar "even" da "odd", bit PPBI a USTAT yana gaya maka wadda aka gama da ita. A RP2040 rijista ɗaya ce ta bit 32, rabin ƙasa bafa 0 rabin sama bafa 1, kuma kai ne kake saka DATA0 ko DATA1, alamar da ke juyawa a kowane fakiti dan a bambanta sabo da maimaici, da hannunka a kowace bafa. Su STM32F4 masu OTG kuwa FIFO suke dashi, can ba ping-pong kake ba, girman FIFO kake ƙarawa ya ɗauki fakiti biyu ko fiye.

Maganar DATA0 da DATA1 ta kawo mu ga riset. Duk lokacin da aka yi riset na bas, ko kwamfuta ta turo umarnin SET_CONFIGURATION, ko SET_INTERFACE, ko aka cire HALT, alamar tsayawa, daga ƙofa, dole lissafin ya koma DATA0. Mutane suna tuna wannan amma su manta nasu lissafin na "wace bafa ce ta gaba". Sakamakon shine ɗan hakin da ka raina, karon farko da ka jona komai lafiya, ka rufe furogiram ka sake buɗewa ko kwamfuta ta sake saita na'urar sai fakitin farko ya ɓace ko biyu su yi musanyar wuri. Fankshin ɗaya zaka yi da zai mai da komai sifili, DTOG, SW_BUF, tutocinka, layin jira, a PIC har da PPBRST, a RP2040 har da bit ɗin da ke mai da zaɓi kan bafa 0, ka kira shi a duk wuraren huɗu.

Sai fakitin wofi. Kwamfuta tana gane an gama saƙo ne in ta samu adadin da ta nema ko ta ga fakitin da bai kai 64 ba. In saƙonka ya ƙare daidai akan 64 ko 128 kuma ta nemi fiye, zata zauna tana jira, sai ka bi shi da fakiti mai tsawo 0. Da bafa biyu shima gurbi yake ci kamar kowane fakiti, ka sa shi a layi, kar ka tsallake da shi gaban wanda ke jira.

Aiso kuma wata duniya ce, babu ACK babu NAK babu maimaitawa, fakiti ɗaya a firem, in baka shirya ba ya wuce har abada kunne ya ji ƙas. Shi yasa a F103 ƙofar aiso kullum bafa biyu ce ko baka roƙa ba, kuma babu SW_BUF, injin yana juya DTOG ne abunsa, kai ka duba inda yake ka yi aiki da ɗayar cikin milisakan ɗin. In 44.1kHz ne na bit 16 kunne biyu ka tuna firem 9 suna ɗaukar samfur 44 na goman 45, dan haka girman bafar 180 ne ba 176 ba, kuma tsawon kowane fakiti zaka karanta, kar ka ɗauka.

Wajen gwaji kar ka dogara da Wireshark da usbmon su nuna maka NAK, basa gani, kontirolan kwamfuta ne yake haɗiye su a hadwaya. Hanya mai arha, ka ɗaga fin ɗaya na GPIO in ka shiga intaraf ka sauke in ka fita, wani fin ɗin kuma lokacin da ka juya bit ɗin mallaka, ka kalla a lojik analaiza. In tazarar intaraf tana wajen maikurosakan 52 ka kai rufi, in tana ninki biyu kana zubar da fakiti ɗaya a NAK duk zagaye, ka duba wane intaraf ne yake riƙe CPU ko kuma juyawar ta makara. Bayanan gwajin su zama lamba mai ƙaruwa a kowane fakiti, ba sifili zalla ba, dan musanya da maimaici su fito fili, kuma ka gwada tsawo 63, 64, 65, 128, ka cire waya ana tsakiyar aiki ka mayar, ka kuma sa jinkiri da gangan a babban luf kaga ko zai farfaɗo bayan layin jira ya cika.

In duk wannan ya daidaita amma gudu bai zo ba, leƙa ɓangaren kwamfutar. Furogiram ɗin da yake neman bayit 64 ya jira ya sake nema bazai taɓa cika firem ba ko famwayarka ta fi ta kowa kyau, saboda tsakanin buƙata da buƙata babu mai kiran na'urar. Ka nemi manya, 4096 ko 16384 a lokaci ɗaya, kuma in libusb kake amfani dashi ka jera buƙatu biyu ko uku a layi ta hanyar da bata jira, yanda ɗaya na ƙarewa ɗaya ta riga ta hau. Ka kuma cire sauran na'urori daga hob ɗin lokacin awo, dan balk ragowar lokaci yake samu bayan aiso da HID sun ɗebi nasu.